Fayin, Itacen Tsaunuka: Gadonsa da Abokan Zamansa

Kwanakin baya na bi da wani ƙanena, ɗan babbar sakandare, ta shagon wani kafinta a unguwar Kwaciri domin mu karɓo bencin da na ba da aiki. Muka tarar da shi yana ɓaɓɓalle wani ƙaton akwatin katako, irin wanda ake sako injuna a ciki daga ƙasashen waje, wanda ya sayo a hannun 'yan kasuwar Sabon Gari bayan sun kwashe kayansu. Katakon fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, ba shi da nauyi, ƙusa tana shigarsa ba gardama, kuma da zarto ya ratsa shi sai wani ƙamshi ya tashi. Yaron ya ɗauki guntu ya ga layuka a jere, fari da ja, fari da ja, sai ya tambayi sunan itacen. Kafinta ya ce, "Mu dai katakon akwati muke ce masa." Na ce masa ai fayin ne, kuma kowane fari da ja guda ɗaya shekara ɗaya ce a rayuwar bishiyar. Ya ƙirga ya sami goma sha ɗaya a faɗin da bai kai tafin hannu ba. Sa'an nan ya yi tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami: "Yaya, tunda katakon yana da kyau haka, me zai hana a shuka shi a nan Kano?"

Amsar tana da tsawo, kuma malaman daji na ƙasar nan sun shafe shekaru masu yawa suna nemanta a Samaru da Afaka da Miango.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu kawar da wani ruɗani. Akwai wata doguwar bishiya mai siraran ganyaye kamar gashi da ake gani a harabar wasu makarantu da gidajen gwamnati, wadda take yin fito idan iska ta kaɗa, kuma mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin fayin. Wannan kasuwarina ce, asalinta Ostareliya da tsibiran da ke kewaye da ita, ba ta da dangantaka ta kusa da fayin. Mai karatu zai iya gwadawa da kansa. Abin da ya yi kama da ganyen kasuwarina reshe ne siriri mai gaɓa-gaɓa, idan aka ja shi sai ya tsinke a kan gaɓa. Ganyen fayin na gaskiya kuwa kamar allura yake, ba shi da gaɓa, kuma a ɗaure yake fitowa, bibbiyu ko uku-uku ko biyar-biyar cikin ɗan kube guda. Fayin ba ya fure, ba ya 'ya'ya masu tsoka. Irinsa yana zaune ne a kan ɓawon wani kwanso mai tauri wanda ya yi kama da ƙaramar abarba ta itace.

Masana suna kiran wannan dangi Pinus, kuma jinsunansa sun haura 110. Kusan dukkansu a arewacin duniya suke. A Afirka sai a bakin arewa, wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, da kuma tsibiran Kanari, ake samun fayin na asali. Daga Sahara zuwa kudu babu ko ɗaya da ya tsiro da kansa. Duk wanda aka gani mutum ne ya kawo shi. A ƙasashe masu zafi da ke da fayin nasu, irin su Meziko wadda ta fi kowace ƙasa yawan jinsunansa, akasari a kan tsaunuka yake, har akwai jinsin Pinus hartwegii da yake kaiwa mita 4,000 a kan duwatsun ƙasar. Dalilin shi ne, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, ƙololuwar Dala ma mita 534 ce, ga rani na wajen wata bakwai, ga zafin bazara da yakan kai digiri 40. Jos kuwa tana kan kimanin mita 1,200, tsaunin Mambila ya ɗara haka, kuma dukkansu sun fi Kano ruwan sama. Wannan shi ne ɓangaren amsar da ya fi sauƙi.

Abin da iri yake ɗauke da shi

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam akwai kuromosom 46. Fayin yana da 24 kacal, amma kowanne ƙato ne. Idan aka ƙirga harufan DNA, wato rubutun da bayanan gado suke ciki, na mutum ya ɗan haura biliyan 3. A 2014 aka kammala karanta na wani fayin na kudancin Amurka, Pinus taeda, aka sami kimanin biliyan 22, wato ninki bakwai na namu. Kada wannan ya sa ɗalibi ya ɗauka cewa bishiya ta fi shi sarƙaƙiyar halitta. Mafi yawan wannan rubutu maimaici ne, guntayen DNA da suka yi ta kwafar kansu suna taruwa cikin miliyoyin shekaru, kamar littafin da aka yi ta sake buga shafi ɗaya a cikinsa ba a yage ko ɗaya ba.

Abin da ya fi girman rubutun muhimmanci a wurin mai shuka shi ne yadda yake cuɗanya. Bishiyar fayin guda tana fitar da kwanso iri biyu, na namiji ƙanana masu zubar da bununi, da na mace wanda iri yake nuna a ciki. Iska ce take ɗaukar bununin, kamar dai yadda take yi a gonar masara, kuma kowace ƙwayarsa tana da 'yan jakunkunan iska guda biyu da suke taimaka mata ta yi nisa. Idan bununin bishiya ya faɗa wa kwansonta na mace, yawancin irin da zai fito holoƙo ne, wanda ya tsira kuma sau da yawa rarrauna ne. Saboda haka kusan kowace bishiyar fayin da ta girma 'yar uba daban ce da uwa daban, kuma a cikin daji guda bambancin gado tsakanin wannan bishiya da waccan yana da yawa ƙwarai. Daga cikin wannan bambanci ne muhalli yake zaɓa. A kan tsauni mai sanyi, tsiron da ya gaji saurin toho yakan ƙone da jaura ya mutu bai haihu ba. A kwari mai ɗumi kuwa, wanda ya gaji jinkiri sai 'yan'uwansa su rufe shi da inuwa. Bayan ɗaruruwan zuriya sai a wayi gari jinsi ɗaya ne, suna ɗaya, kama ɗaya, amma irin tsauni daban, irin kwari daban.

Ta yaya za a gane cewa bambancin na gado ne, ba na ƙasa da ruwa ba? Wani Bafaranshe mai sayar da iri, Philippe André de Vilmorin, ya nuna hanyar a shekarun 1820. Ya tattaro irin fayin jinsi guda daga sassa daban-daban na Turai, ya shuka su kusa da juna a gonarsa ta Les Barres, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Da suka girma sai ga wasu miƙaƙƙu samɓal, wasu karkatattu, kowace ta ɗauko halin inda iyayenta suka fito. Bahaushe ya riga ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan gwaji shi malaman daji suke kira gwajin asalin iri, kuma har yau babu na'urar da ta maye gurbinsa.

Daga Samaru zuwa Miango

Abin da ya jawo hankalin Nijeriya ga fayin shi ne takarda. Zaren da ke cikin katakonsa dogo ne, milimita 3 zuwa 4, alhali na yawancin itatuwa masu faɗin ganye bai wuce kimanin milimita 1 ba, kuma dogon zare shi ke ba takarda ƙarfi. Ƙasar da take shirin gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin tana bukatar ta noma nata maimakon ta riƙa sayowa. A 1964 aka kafa tashar binciken gandun daji na yankin sabana a Samaru, Zariya, da haɗin gwiwar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'aikatanta sun yi gwaje-gwaje a wurare da dama, daga ciki akwai gandun dajin Afaka da ke kusa da Kaduna, a kan kimanin mita 600, da Miango da ke kan tsaunin Jos. Jinsuna uku ne suka fi ɗaukar hankali: Pinus caribaea da Pinus oocarpa daga Amurka ta Tsakiya, da Pinus kesiya daga tsaunukan Asiya, wajen arewa maso gabashin Indiya da Filifin. Na farkon ya fi jure ƙasa-ƙasa mai zafi, na ƙarshen kuwa ya fi son tudu, daidai da inda kowannensu ya fito.

A farkon shekarun 1970 cibiyar nazarin gandun daji ta Kwamanwel da ke Jami'ar Oksfod ta shirya wani babban gwajin asalin iri. An bi dazuzzukan Beliz da Gwatamala da Honduras da Nikaragwa ana tattara iri, kowane buhu da sunan wurin da aka ɗebo shi da tsayinsa daga teku da yawan ruwan samansa, aka rarraba wa ƙasashe masu yawa har da Nijeriya. Ɗaya daga cikin jagororin aikin, R. H. Kemp, ya riga ya yi aiki a nan ƙasar kan gwajin baƙin itatuwa a yankin sabana. Sakamakon ya zo da abin mamaki. A ƙasa bayan ƙasa, irin oocarpa da aka ɗebo daga wasu 'yan wurare, kamar Yucul da Camelias a Nikaragwa da Mountain Pine Ridge a Beliz, ya riƙa tsere wa sauran a tsawo da miƙewa. Ratar ta yi yawa har masana suka koma suka sake duban iyayen a dajinsu, sai aka gano ashe ba oocarpa ba ne, wani jinsi ne dabam da yanzu ake kira Pinus tecunumanii. Wato filin gwaji ya ga abin da idon masu rarrabe tsirrai ya tsallake.

Masana'antun takardar sun durƙushe a shekarun 1990, ba su ci moriyar wannan aiki yadda aka yi fata ba. A ganina wannan yana cikin asarorin da ba a cika lissafawa ba, domin gwajin bishiya ba kamar na wake ba ne da ake girbe sakamakonsa cikin wata uku. Wanda ya dasa sau da yawa ba shi ne yake aunawa ba.

Abokin da ke ƙarƙashin ƙasa

Tun kafin maganar asalin iri, akwai wata matsala da ta fara tare hanya, a nan da sauran ƙasashen da aka kai wa fayin. Iri yakan tsiro lafiya lau a wurin raino, ya yi ɗan tsawo, sai ya tsaya cik, ganyensa ya yi rawaya, a ƙarshe ya mutu, ko da an yi masa ban-ruwa yadda ya kamata. A tsibirin Fotoriko an shafe shekaru ana wannan wahala, har zuwa 1955 lokacin da aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka barbaɗa wa wasu dashe aka bar wasu. Waɗanda aka barbaɗa wa suka yi kore shar suka miƙe, yawancin waɗanda aka bari suka mutu.

Abin da ke cikin ƙasar nan wani ɗan'uwan funfuna ne, daga dangin da laimar kwaɗi take ciki. Laimar da muke gani da damina 'ya'yansa ce kawai. Ainihin jikinsa zare ne siriri fiye da gashi da yake yaɗuwa cikin ƙasa. Zaren yakan lulluɓe kan ƙananan saiwoyin fayin kamar safa, ya kutsa tsakanin ƙwayoyin halittar saiwar, sa'an nan ya miƙa hannuwansa cikin ƙasa zuwa inda saiwa ba za ta iya kaiwa ba. Yana tsotso ruwa da sinadarai, musamman fosfaras wanda ƙasarmu ta sabana take da ƙarancinsa, ya miƙa wa bishiya, ita kuma ta biya shi da sukarin da ganyenta ya haɗa. Wani masanin tsirrai Bajamushe, A. B. Frank, shi ya raɗa wa wannan zama suna maikoraiza a 1885. Itatuwanmu na gida irin su doka da kawo su ma suna da irin wannan aboki, kuma Afaka dajin doka ne tun asali, amma abokan doka ba su amfani fayin ba. Sai da aka shigo da ƙasar gindin fayin daga gandayen da suka riga suka kafu a wasu wurare, daga nan ya zama al'ada a wuraren raino a riƙa cuɗa 'yar wannan ƙasa cikin kowace ledar dashe.

Duk da haka an ga cewa a wurare masu zafi, abokin ma yakan gaza idan ƙasa ta gasu a bazara. Masu bincike biyu 'yan ƙasar nan, Z. O. Momoh da R. A. Gbadegesin, suka gwada wani jinsi mai jure zafi, Pisolithus tinctorius, kuma rahotonsu na 1980 ya nuna dashen da aka haɗa da shi sun fi rayuwa da girma a fili. Idan muka koma ga tambayar ƙanena, to mai son fayin a Kano ba iri kaɗai zai nema ba. Halittu biyu zai raina, kuma kowannensu sai ya tsallake watan Afrilu.

Bishiyar da tsuntsu yake shukawa

Fayin ɗin da muka dasa a Afaka da Miango iska ce take watsa irinsa a ƙasarsa, domin kowace ƙwaya tana da fiffike guda. Amma idan ana son ganin iyakar inda dogaro da aboki yake kaiwa, sai a hau manyan tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, inda Pinus albicaulis, wato fayin mai farin ɓawo, yake zaune. A wasu sassan Kalifoniya yana kaiwa sama da mita 3,000, a daidai iyakar da bishiya take iya rayuwa, inda dusar ƙanƙara take kwance fiye da rabin shekara, iska kuma take tanƙwara shi har ya zama kamar kurmi a kwance. Yakan yi shekara 25 zuwa 30 kafin ya fara kwanso, ba ya yin mai yawa sai ya kai 60 zuwa 80, kuma an sami wanda ya haura shekara 1,200 a jihar Aidaho.

Kwanson wannan bishiya ba ya buɗewa ko ya nuna. Irinta kuma babba ne, kusan ƙwayar wake, cike da mai, ba shi da fiffike. In da za a bar shi, da a gindin uwar zai ruɓe. Mai ceton sa wani tsuntsu ne mai ruwan toka, ɗan'uwan hankaka, wanda masana suke kira Nucifraga columbiana. Da kaka yakan sa dogon bakinsa ya farfasa kwanson, ya cika wata jaka da ke ƙarƙashin harshensa da iri, ya tashi ya je ya binne, uku ko huɗu ko biyar a rami guda, zurfin kimanin santimita 2 zuwa 3. Tsuntsu ɗaya yakan binne fiye da ƙwaya 30,000 a shekarar da iri ya yi albarka, wani lokaci a nisan da ya kai kilomita 30 daga uwar. Yana gane ramukansa da duwatsu da kututturan da ke kusa, ya tono su bayan watanni ya ci ya kuma ciyar da 'ya'yansa. Waɗanda ya bari ko ya manta, su ne dajin gobe. Manomin ƙasar Hausa ba zai yi mamaki sosai ba, domin ya san yadda shanu da awaki suke cin 'ya'yan gawo su kasayar da ƙwayar a wata gona. Bambancin shi ne gawo yana da masu ɗauka da yawa, shi kuwa wannan fayin kusan tsuntsu ɗaya ya dogara da shi.

Aikin tsuntsun ya bar tambari a cikin gadon bishiyar. Sau da yawa akan ga fayin mai farin ɓawo da kututture uku ko huɗu daga gindi guda, mai kallo ya ɗauka bishiya ɗaya ce ta yi rassa. Da Yan Linhart da Diana Tomback suka bincika a tsakiyar shekarun 1980, sai suka ga da yawa daga cikinsu bishiyoyi ne daban-daban da suka tsiro daga rami guda. Bincike na baya ya nuna yawanci 'yan uwa ɗaya ne, tunda daga bishiya guda tsuntsun ya cika jakarsa, alhali gungun da ke maƙwabtaka da su yana iya zama bare, wanda wani tsuntsun ya kawo daga wani tsauni. Akwai kuma wata baiwa da fayin ya yi wa masu bincike. A yawancin tsirrai masu fure, DNA ɗin da ke cikin kuloroflas, wato koren ɗakin da ake haɗa abinci, daga uwa ake gadonsa. A fayin daga uba yake zuwa ta cikin bununi, na maitokondiriya kuma daga uwa ta cikin iri. Saboda haka idan aka karanta su biyun, ana iya raba tafiyar da iska ta yi da tafiyar da tsuntsu ya yi.

Ba tsuntsun kaɗai yake ci ba. Kurege yakan yanko kwanson ya tara a rumbunsa, beyar kuma, wata ƙatuwar dabbar dawa, takan fasa rumbun ta yi ƙiba da shi kafin ta shiga barcin hunturu. Inuwar bishiyar tana jinkirta narkewar dusar ƙanƙara, abin da yake sa rafuka su ci gaba da gudu har cikin bazara, manoman da ke can ƙasa su sami ruwa.

Tsatsa

Wannan tsari da ya daɗe yana tafiya ya gamu da cikas daga wurin raino. A 1910 aka sauke dashen fayin daga Faransa kusa da birnin Bankuba na Kanada, ɗauke da wata cutar tsatsa, Cronartium ribicola, wadda asalinta Asiya ne. Cutar tana rayuwa ne tsakanin masu masauki biyu, fayin mai allura biyar da wasu ƙananan tsirrai na dangin Ribes. Takan shiga ta ganye, ta bi reshe ta isa kututture, ta zagaye shi da gyambo har abinci ya daina wucewa. Rassan sama masu ɗauke da kwanso sukan riga mutuwa, don haka bishiya takan daina haihuwa tun tana tsaye, kuma idan kwanso ya yi ƙaranci a wuri tsuntsun ba ya zama. Sai ga wani ƙwaro mai huda ɓawo, wanda a da tsananin sanyi yake kashe shi a kan tsaunuka, ya samu sarari da hunturu ya rage ƙarfi, ya yi mummunar ɓarna a yankin Yelosuton a shekarun 2000. Ƙididdigar hukumar gandun daji ta Amurka ta nuna cewa ya zuwa 2016, kashi 51 cikin 100 na wannan fayin da ke tsaye a ƙasar matattu ne. Kanada ta sa shi cikin halittun da ke bakin ƙarewa a 2012, Amurka ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana a Disamban 2022.

Abin da ake kafa fata a kai shi ne bambancin gadon nan da muka yi magana a kansa. A dajin da tsatsa ta kashe kusan kowa, akan tarar da bishiya ɗaya ko biyu lafiya ƙalau. Ma'aikata sukan hau su tun farkon bazara su rufe kwanson da ragar waya don kada tsuntsu da kurege su riga su, su dawo da kaka su ɗebe. A cibiyoyi irin su Dorena a jihar Oregon da Coeur d'Alene a Aidaho ana rainon irin na kimanin shekara biyu, a sa masa cutar da gangan ta hanyar shimfiɗa ganyen Ribes mai tsatsa a samansa, a yi ta duba shi shekaru. Uwar da 'ya'yanta suka fi tsira ita ake komawa wajenta neman iri. Juriyar wannan jinsi ta ƙwayoyin gado da yawa ce, kowace da ɗan ƙaramin taimakonta. Tana da wahalar zaɓa, amma tana da ɗorewa, domin a wani ɗan'uwansa, Pinus lambertiana, inda aka sami ƙwayar gado guda mai tare cutar gaba ɗaya, ba a daɗe ba tsatsar ta fito da nau'in da ya karya ta a wasu wurare. A 2024 aka wallafa cikakken karatun DNA na fayin mai farin ɓawo, harafi kimanin biliyan 27, da niyyar a riƙa gane mai juriya daga ɗan ganye maimakon jiran shekaru. Kuma a Jami'ar Jihar Montana, Cathy Cripps da ɗalibanta sun yi aiki kan haɗa dashen da nasa abokin na ƙarƙashin ƙasa, daga dangin Suillus, kafin a kai shi tsauni. Matsalar da aka yi fama da ita a Afaka ita ce dai a can.

Darbejiyar ƙofar gida

Mu a Kano ba mu da fayin da za mu yi wa kuka, amma muna da darbejiya, kuma ita ma baƙuwa ce. Daga yankin Indiya aka kawo ta Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, daga 'yan bishiyoyi kaɗan ta yaɗu har ta zama inuwar kusan kowane titi daga Fagge zuwa Maradi. A farkon shekarun 1990 aka ga darbejiya tana zubar da ganye tana bushewa daga sama a Nijar da arewacin Nijeriya, kuma cikin abubuwan da masana suka yi zargi har da ƙarancin bambancin gado, tunda kusan duk 'yan gida ɗaya ne. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka shirya gwajin asalin irin darbejiya tsakanin ƙasashen Asiya da Afirka a tsakiyar shekarun. Duk da haka, na sha tambayar masu rainon dashe a bakin titi inda suke samun iri, amsar kuma kusan ɗaya ce: akwai wata bishiya kusa da gida mai yawan 'ya'ya. Ƙa'idar malaman daji ita ce a ɗebi iri daga iyaye 25 zuwa 30 aƙalla, masu tazarar mita 50 zuwa 100 tsakaninsu, a kuma rubuta wurin.

Malamin kimiyyar halittu zai iya maimaita gwajin Vilmorin a bayan aji ba tare da kashe kuɗi ba, kuma zogale ya dace da wannan saboda saurin girmansa. Idan za a tafi hutu, a roƙi ɗalibai su zo da iri daga garuruwa uku ko huɗu masu nisa da juna, alal misali wajen Daura da Kano da Kafanchan, kowane gari daga bishiyoyi da yawa, kowace bishiya a ƙullinta daban da suna a jiki. A shuka su rana ɗaya cikin leda iri ɗaya, da ƙasar da aka cuɗa wuri guda. Kada a jera 'yan gari ɗaya a layi ɗaya, domin idan layin ya fi samun inuwa ko ruwa ba za a iya raba tasirin wuri da na gado ba. A rubuta lambobi a takarda a yi ƙuri'a, kowace leda ta zauna inda ƙuri'a ta ba ta. Kowace Juma'a a auna tsawo da ruler, a ƙirga ganye, a rubuta ranar da kowanne ya tsiro. Bayan mako takwas a rage ban-ruwa zuwa rabi ga kowa, a ci gaba da rubuta wanda ya fara yaushi da wanda ya jure, har ƙarshen zangon karatu.